Baba Hambali da 'Yar Tsauni

Idan an idar da sallar asuba a Tsamiyar Baballe, kowa gabas yake nufa, wajen babbar hanyar ruwa, fartanya a kafaɗa, ana rige-rigen kama layin ban ruwa. Mutum ɗaya ne ke juya wa ruwan baya. Baba Hambali sai ya saɓi dagi, ya ɗauki butarsa, ya bi ta bayan gari ya hau tudun maƙabarta. Ba ya sauri, don ƙafarsa ta hagu ta daɗe da fara yi masa gardama. In ya isa sai ya yi wa mazauna wurin sallama, ya yi musu addu'a, sannan ya gangaro gindin tudun ya fara zagaye, yana soka dagin nan a ƙasa, yana zarowa, yana duba bakinsa. In ya fito a bushe, ya wuce. In kuwa ya fito da laka, to ranar ba mai sakat a garin sai an gano fangalin wane ne ya kwana yana ambaliya.

Aikinsa haƙan kabari. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa ganin sunansa a wani wuri. Da wuya a sami gida a garin nan da ba shi da wani a ƙarƙashin ƙasar da hannun Hambali ya gyara. Bana gwiwa ta ƙi, ya ajiye diga. Ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana da kunnen ji, ba sai ranar da wani zai haƙa masa ba.

Wanda bai san garinmu ba sai a gaya masa yadda yake. Tsamiyar Baballe ƙauye ne tsakanin Kura da Bunkure, a tsakiyar filayen noman rani. Tun da aka saki ruwan Tiga ya biyo ta nan, rani ya zama damina ta biyu. Tumatir, albasa, alkama, shinkafa, duk mun gani, mun kuma gode wa Allah. Sai dai ruwan da aka zuba a sama bai tsaya a sama ba. Ya sauka ƙasa, ya taru, ya fara tasowa. Rijiyar da a da sai an ƙulla igiya kan igiya, yanzu mace na tsugunawa ta ɗebo da ƙwarya. Katangun ƙasa suka fara jiƙewa daga gindi, wani farin abu kamar kanwa ya fito a bakin wasu gonaki. Wuri ɗaya ne ya rage da za a haƙa rami tsayin mutum ba a ci karo da ruwa ba, shi ne tudun maƙabarta. In ruwa ya hau shi, ba mu da inda za mu kai namu.

Hambali ba haifaffen nan ba ne. Mutumin duwatsun kudu ne, can wajen Riruwai. Leburanci ya kawo shi lokacin da ake haƙa hanyoyin ruwan nan, ya zo da matarsa Mairama, aka gama aiki wasu suka koma, su suka zauna. Shi da kansa yakan ce da hannunsa aka share wa ruwan hanya, don haka ba wanda zai koya masa halinsa. Da tsohon mai haƙan kabari ya rasu, aka rasa mai karɓa, sai Hambali ya ɗauki digar marigayin ya haƙa masa. Daga ranar bai ajiye ba.

Mairama ce ta kawo wani tsiro garin nan. Da suka je ganin gida wata shekara, ta dawo da wasu saiwoyi a ƙulle a bakin zane, dunƙule-dunƙule kamar citta, a jere suna riƙe da juna. 'Yar tsauni take ce mata, mu ma haka muka ɗauka. A can wurinsu, tsakanin duwatsu take fita. Halinta daban ne da na duk abin da muka saba shukawa. Duk tsawon rani ba a ganin komai nata a sama, sai busasshen kara. In bazara ta yi tsanani, ƙasa ta yi zafin da ba ta takuwa, kafin ɗigon ruwa ya faɗi, sai ka ga sanda ta ɓullo tsirara ba ganye, ta miƙe har gwiwar mutum, ta buɗe furanni ja-ja masu sirkin shuni, kowane da leɓe a ƙasa kamar yana shirin magana. Ganyen sai da damina yake zuwa, mai tsaga-tsaga kamar na ƙaramin giginya, da kaka ya bushe ya kwanta. Wani malamin gona da ya taɓa ratsowa ya durƙusa ya daɗe yana kallonta, ya ce dangin furen nan ce da ake kira okid, irin na ƙasa, na kan tuddai. Hambali ya ce to madalla, ya ci gaba da kiranta 'yar tsauni.

Mairama ta fara binne ta a tsakar gida, ta ruɓe. Ta sake gwadawa a bayan ɗaki, ta ruɓe. Ragowar ta ba mijinta ta ce, "Malam, kai ta wajen aikinka. Can ne kaɗai a garin nan ƙafata ba ta jin laima." Ya kai, ya binne a tsakiyar gangaren, bazara na zagayowa ta fito.

Nan Hambali ya gano abin da ya samu. Dagi labarin yau kawai yake ba shi, kuma iyakar inda bakinsa ya kai. Ita kuwa wannan aba a cikin ƙasa take kwana shekara guda cur. In ruwa ya taɓa tasowa ya same ta da rani, ko sau ɗaya ne, ko ba wanda ya gani, ba za ta yi fure ba. Sai ya riƙa raba saiwar yana dasawa, har ya yi sahu uku da suka kewaye tudun: ɗaya a gindi, ɗaya a tsakiya, ɗaya can sama inda marmara ta fara. Kowane gurbi ya kewaye shi da tsakuwa. In bazara ta yi, ya bi sahu-sahu yana dubawa. Inda ta yi fure, nan zai haƙa a shekarar. Inda ta ƙi, ko sarkin gari ne ya nuna wurin da yatsa, Hambali ba zai sa diga ba. Shekaru aka yi a haka, ba a taɓa saukar da gawa a kan laka ba, mu kuwa ba mu ma san ana tsare mu ba. Mun ɗauka tsoho ne mai son fure.

Sai shekarar da damina ta gaza, ta tamanin da huɗu. Ko'ina maganar dashen itatuwa ake yi, a rediyo da bakin masallaci. Akwai Garzali, manomin tumatir, gonarsa na gindin tudun. Mutum ne mai zafin nama, mai son a ce garinsu ya yi abin kirki, kuma shi ya fara sayen injin ban ruwa a unguwar. Ya tara abokan nomansa suka yi shawarar gayya: a dasa darbejiya a kewaye maƙabarta, a ja mata ruwa, sadaka ga iyayen da ke kwance. Suka kuma ce a yi wa Baba Hambali ba-zata. Suka bari sai ranar da ya tafi kasuwar Bunkure kai digarsa wajen maƙeri.

Mu mutanen noman rani ne. Ba mu taɓa ganin abin da ya bushe ba, ba mu ce ruwa yake nema ba. Da suka ga gurabun nan na tsakuwa da busassun karare a ciki, tausayi ya kama su. Suka ja wa sahun gindi da na tsakiya fangali kamar na albasa, suka watsa takin zamani, suka saki tiyo har ruwa ya kwanta.

Waɗanda ke wurin sun ce tun daga nesa Hambali ya ji ƙarar inji ya tsaya cak. Sannan ya taho, yana jan ƙafar nan tasa, diga a kafaɗa. Garzali ya tare shi da fara'a, laka har gwiwa.

"Baba, sannu da hanya! Yau kam sai ka sa mana albarka."

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba."

"To me ya kawo ku maƙabarta har da waƙa?"

"Gayya ce. Dubi, itatuwa muka dasa. Furen nan naka ma mun ga ya bushe ƙamas, mun ba shi ruwa, har da taki. Sati biyu ka gani."

"Barci take yi, ɗan nan. Barci. Kai in uwarka na barci, bokitin ruwa kake sheƙa mata?"

Aka yi dariya, an ɗauka wasa ne. Hambali bai san inda ake kashe inji ba, bai kuma tambaya ba. Ya gangara bakin kwatar ban ruwa, ya kama tiyon da ke zuƙo ruwa da hannu biyu, ya fizgo shi ya wurgar a kan ganuwa. Injin ya shiga tari. Garzali ya ruga yana ihu, "Baba, zai ƙone! Wallahi zai ƙone!"

"Ya ƙone," in ji Hambali.

Bai ƙone ba, amma maganar ta kai ƙofar mai unguwa Dalhatu. Aka taru bayan la'asar. Hambali ya yi bayaninsa, ba shi da iya tsara zance, ya faɗi abin a dunƙule: ruwa na tasowa, tsiron nan shi ke gaya masa, in aka jiƙa tudun an kashe masa ido. Mutane suka saurara da rabin kunne. A shekarar da rijiyoyin arewa suka ƙafe, mutane na ta kwararowa neman abinci, a ce wai wani na ƙarar ruwa.

Wani daga baya ya ce, "Baba, duk ƙasar Kano kai kaɗai ne ke faɗa da ruwa bana."

Wani ya ƙara, "Ai matattu ma suna son inuwa."

Hambali ya waiwaya ya dube shi. "Wanne ne a cikinsu ya aiko ka?"

Mai unguwa ya so ya raba gardama ba tare da ya ɓata wa kowa ba. Ya ce furanni a ƙyale wa Baba abinsa, kada a sake taɓawa, amma itatuwa sadaka ce, ba a hana sadaka, a bar ƙaramar kwata ta bi gindin tudun tana ba su ruwa. Kowa ya ce hukunci ya yi. Hambali ya miƙe yana dafa bango.

"Ranka ya daɗe, na ji hukunci, ban raina ba. Amma gara in faɗa a gabanka, kada a ce na yi a ɓoye. Kullum da safe zan toshe ta."

Haka kuwa aka yi. Da safe ya cika bakin kwatar da laka ya tattake, da yamma su buɗe. Rani guda ana wannan. Aka sa masa suna Maƙi-ruwa, har ya bi shi kasuwa. Wasu suka daina gaishe shi, ko da yake in an yi musu rasuwa ƙofarsa suke fara bugawa, shi kuma bai taɓa cewa ku je ku nemi wani ba. Mairama ma ta sha nata a gidan suna da gidan biki. Wata ta tambaye ta a gaban mata, "Iya Mairama, mijin nan naki ko wanka yana yi?" Ta ce, "Ina fa! Taimama yake yi, ni ma na gaji da shi." Aka bushe da dariya, ta tashi ta ɗauki mayafinta.

Bazara ta zo. Sahun sama ya yi fure. Na gindi da na tsakiya shiru. Hambali ya tona gurbi ɗaya, ya tarar da saiwar ta zama baƙin kunu mai wari. Abin da ya fi damunsa, yanzu bai san me ya kashe ta ba, ruwan da aka zuba mata daga sama ko wanda ke tasowa daga ƙasa. A tsakiyar tudun ake binne mutane a lokacin, don sama marmara ce, ba ta haƙuwa. Ya ci gaba da haƙa a tsakiyar, kowane kabari gabansa na faɗuwa.

Da rani na gaba Mairama ta kwanta ciwo, bai yi tsawo ba, Allah ya karɓi abarsa da hantsi. Aka ce wa Hambali ya zauna karɓar gaisuwa, wasu za su haƙa. Ya ƙi. Ya zaɓi wurin da ya fara binne mata tsironta a tsakiyar gangaren, ya haƙa babban ramin, ƙasa ta fito lafiya. Ya shiga yankan ƙaramin ramin ciki inda ake kwantar da mamaci. An riga an yi mata sallah, makara na ajiye a gefe, jama'a a tsaye a rana. Sai aka ga ya daina sara. Ya durƙusa, ya sa tafin hannu a ƙasan ramin, ya ɗago. Hannun na sheƙi. Kafin a ce wani abu ruwa ya fara tsatsowa ta kusurwa, ya kwanta sannu a hankali.

Sannan shawarwari suka fara fitowa ƙasa-ƙasa. A kwashe da ƙwarya. A zuba busasshiyar ƙasa a daɓe. An ji a wani gari haka suke yi. Liman ya matso bakin ramin, ya yi magana da taushi, don shi ma ransa a jagule yake.

"Malam Hambali, haƙuri za ka yi. Gaggauta ta shi ne alheri gare ta, rana ta yi. A gyara a sa ta, ƙasa duk ta Allah ce."

Hambali ya ɗago kai daga cikin ramin.

"Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa. Amma matar nan dutse ta bari ta biyo ni. Tun da muka zo garin nan ban ba ta komai ba sai ɗaki mai laima, tabarmarta ba ta taɓa bushewa ba. Nan ma in ba ta mai laima? Ba zan sa ta a ruwa ba. Wanda ke da uzuri ya tafi, na yafe masa."

Liman ya ce, "A kai makarar inuwa."

Hambali ya fito, ya ɗauki diga, ya hau can sama inda ba a taɓa haƙawa ba, gefen sahun da ya yi fure. Ya ɗaga ya sara. Digar ta yi tsalle ta dawo, ta bar ɗan tabo kamar na farce. Ya sake. Ya sake. Tsoho ne, tun safe bai sa komai a bakinsa ba, tafin hannunsa ya fashe har ƙotar ta yi ja. Ba wanda ya tafi, amma ba wanda ya iya matsawa, kunya ta ɗaure kowa. Garzali ne ya tuɓe rigarsa ya ba na kusa da shi, ya hau.

"Baba, ba ni."

Hambali bai dube shi ba. "Nan ba ruwa ake bayarwa ba."

"Na sani, Baba. Ba ni."

Hambali ya tsaya yana haki, sannan ya sake masa ƙotar. Garzali ya sara har ya gaji, wani ya karɓa, wani ya karɓa, mai unguwa Dalhatu da kansa ya naɗe hannun riga ya kwashi tsakuwa. Sai wajen la'asar aka kwantar da Mairama a rami busasshe, jan dutse ta kowane gefe. Hambali ne ya jera itacen rufi da hannunsa mai jini, ya ƙi a taya shi wannan.

Washegari da ya gangara toshe kwata, ya tarar an riga shi. Garzali ya cike ta tun daga baki har ƙarshe yana tattakewa. Ba su yi wata doguwar magana ba. Wanda ya ji su ya ce Hambali cewa ya yi, "Toshewa ba ta isa ba, sai an yi wa ruwan hanyar fita, kuma ta gonarka za ta bi." Garzali ya dubi tumatirinsa da ya fara nuna, ya ce, "Nuna inda za ta bi."

Rani biyu Hambali ya yi yana haƙa lambatun nan da ya kewaye tudun ya zube a babbar magudana. Wani lokaci a taya shi, sau da yawa shi kaɗai, don zafin abin da ya faru ya huce wa mutane da wuri, kowa ya koma fangalinsa. Ya hau akori-kura ya koma duwatsunsu neman saiwa. Ko can bai tone uwa ba, 'ya'yan gefe ya ɓalla ya mai da ƙasa ya rufe, don ya ce ba zai gyara nan ya ɓata can ba. Ya dawo ya sake sahunsa. Shekarar farko 'yar tsauni ba ta ce komai ba. Ta biyu sahun tsakiya ya yi fure, bara kuma na gindi ya biyo. Darbejiyar nan da aka yi rigima a kanta, rabinta ta rayu ba tare da an ƙara ba ta ko ɗigo ba, a inuwarta ake ajiye makara yanzu.

Baba Hambali, kai ne wanda gari guda ya yi wa dariya, ka wayi gari ka haƙa wa masu dariyar kabarin iyayensu ba ka rage ko taƙi ba. Kai ne ka gaya wa mai unguwa a fuskarsa abin da za ka yi, ka kuma yi shi da rana tsaka. Mun ce maka Maƙi-ruwa, alhali kai ka fi mu sanin darajarsa, tun da kai kaɗai ka san inda ya kamata ya tsaya. Na Mairama, dutse ba ka shan laima. Ba ka iya daɗin baki ba, ba mu kuma ce ka koya yanzu ba. Akwai waɗanda har yau suke ganin ka cika taurin kai. Gaskiyarsu. Da kanka ya yi laushi, da tuni iyayenmu na kwance a cikin taɓo.

Da a ce magana ta ƙare a nan, da sai mu yi addu'a mu tashi. Ba ta ƙare ba. Bana alkama ta yi daraja, kowa na neman inda zai ƙara ko da fangali ɗaya ne. Idanu sun koma kan gangaren da ke tsakanin lambatu da sahun gindi. Ana ta faɗa a majalisa cewa fili ne a banza, ba kabari ko ɗaya a ciki, sai wasu furanni da ba a ci ba a sayarwa. Masu maganar ba miyagu ba ne, 'yan'uwanmu ne masu iyali, wasunsu ma sun karɓi digar nan a ranar Mairama. Sun ce ai yanzu akwai lambatu, ruwan alkama kaɗan ne, ba zai hau ba. Sun kuma ji tsohon ya ajiye aiki, sun ɗauka an huta.

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Hambali ya sa aka riƙe shi ya miƙe a gaban jama'a. Ya ce yana da wasiyya, yana son Liman da mai unguwa su zama shaida. Kowa ya zaci zai ce a kai shi sama kusa da matarsa, don ba wanda zai yi masa gardama a kan haka.

Ya ce, "In na mutu, a sahun gindi za ku sa ni. Can ƙasa, daf da lambatu."

Garzali ya ce, "Haba Baba! Ga wuri a gefen Iya, mu za mu fasa maka dutsen. Can ƙasa ai nan ruwa zai fara isa."

"Shi ya sa. Ita tana inda ba abin da zai same ta. Ni kuwa ina son duk wanda zai ja ruwa zuwa gangaren nan ya san ta kaina zai bi. In ya iya, bismilla."

Wani ya yi ƙoƙarin mai da abin raha, ya ce, "Baba, ko ka mutu ba za ka bar mu mu huta ba?"

"Ba zan bari ba," in ji shi, ya nemi sandarsa.

Mun gode, Baba Hambali. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwa, ya jiƙan Iya Mairama, ya sa tsawon kwana a gabanka. Sauran magana tamu ce, mu mutanen Tsamiyar Baballe, da duk wani gari a filayen nan da ke da ɗan tudu irin namu da wani tsoho mai taurin kai a kansa. Kada mu tsaya ga yabo. Masu ƙarfi a cikinmu su je su zauna a gabansa tun yana iya nunawa, su koyi yankan rami, su koyi raba saiwar nan, su koyi kame hannu in sun ga ta bushe. Ranar da za a zauna a ƙofar mai unguwa kan maganar gangaren, kada a sake barinsa ya miƙe shi kaɗai yana dafa bango. Ya riga ya faɗi inda za a kwantar da shi, a gaban shaidu, ba kuma zai janye ba. Mu ne za mu ɗauki makararsa, mu ne za mu leƙa ramin kafin a saukar da shi. Abin da za mu gani a ƙasan ramin nan, bana muke yanke shi.